Yadda za a kula da jiki tsakanin ƙarshen hunturu da shigowar bazara a Tawa

Daga tsakiyar watan Fabrairu, duk mazaunin garin Tawa na Nijar zai lura cewa yini ya fara tsawo, domin magaribar da ake kira wajen ƙarfe 6 a farkon Disamba takan kai kusan 7 saura kwata kafin Fabrairu ya ƙare. Ɗari yana ja da baya, amma busasshiyar iska da ƙurar da take kwasowa daga arewa maso gabas suna nan daram har cikin Maris. A ganina wannan ne lokacin da aka fi yin sakaci, saboda da zarar an naɗe bargo sai a ɗauka wahalar hunturu ta wuce.

A fara da ruwan sha. Cikin ɗari mutum yakan wuni bai nemi moɗa ba, kuma wannan sabon yana bin sa har zafi ya kankama, alhali zufa tana bushewa a jiki tun kafin a gan ta. Kada a jira ƙishirwa: a sha da asuba, a sha bayan kowace salla, a riƙa miƙa wa yara da tsofaffi ko ba su tambaya ba. Fitsarin da ya yi ja kuma ya ƙaranta alama ce ta cewa ruwan jiki ya yi ƙasa. A wanke randa, a rufe bakinta saboda ƙura. Fura, kunun tsamiya da zoɓo marar sukari da yawa suna taimakawa, amma shayi ba ya zama madadin ruwa. A shekarun da azumi ya faɗo cikin wannan tsakanin, kamar 2025 da 2026, a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon a kwankwaɗe shi gaba ɗaya.

Fata kuwa ba ta son a daina shafa mata mai don kawai sanyi ya ragu. A shafa man kaɗe bayan wanka, tun jiki yana da danshi. Mai faso ya jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi da dare, ya goge kaushin a hankali, ya cika tsagar da mai, ya sa safa. Idan yaro ya yi haɓo, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hancin na minti 10. Ɗaga kai sama jinin kawai yake mayarwa maƙogwaro. Mai hawa babur da mai zaman kasuwa su rufe hanci da rawani ko takunkumi ranar da hazo ya sauko, ballantana mai ciwon asma.

Abin da ya fi damuna shi ne sanƙarau. Nijar tana cikin yankin da cutar take yawan ɓarkewa, daga Senegal har zuwa Habasha, kuma ta fi ƙarfi a waɗannan watanni, lokacin da ƙura da bushewa suke raunana cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini. A 2015 ta kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar nan, sama da 500 suka rasu. Rigakafin da aka fara yi a 2010 na nau'in A na ƙwayar cutar ne, wanda ya ɓarke a 2015 kuwa nau'in C ne, saboda haka kada uwa ta ce an taɓa yi wa ɗanta allura ta ƙi fito da shi idan an yi shelar sabuwa. Zazzaɓi mai zafi na farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, amai, sanƙarewar wuya da ƙin haske su ne alamun. Ga jariri kuma a duba maɗiga ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko ya langaɓe. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma jiƙo ko maganin mai talla ba abin da zai yi sai cinye lokaci. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar taga a buɗe.

Hasken da ya ƙaru da yamma a yi amfani da shi. Tafiyar ƙafa ta rabin sa'a bayan la'asar tana sassauta gaɓoɓin da ɗari ya ɗaure, tana kuma kawo barci mai daɗi. Yanzu ne kayan lambu suke araha, tumatir, salati, kabeji, karas da sabuwar albasar Galmi, sai a ci a ƙoshi bayan an wanke su da kyau, a kuma shanya tumatir da zogale don watanni masu zuwa. Aikin ƙarfi a fara mayar da shi safiya tun yanzu, yadda jiki zai saba sannu a hankali kafin Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. A gyara rumfa, a sake zanar da ta mutu, wanda kuma zai koma kwana a tsakar gida ya ɗaura gidan sauro, ya ajiye wa yara mayafi kusa saboda sanyin asuba.