Yadda na gyara tsakuwar layin dogon wasa da ta ƙi kamawa

Layina ma'aunin HO ne, 1:87, wato ya ƙanƙanta sau 87 a kan layin dogo na gaske. Yashi nake zubawa a matsayin tsakuwar da ke ƙarƙashin layin, in liƙe shi da gam. Duk gam ɗin da na ɗiga sai ya dunƙule a sama, yashin ya taso ya yi ɓawo. Ƙarin gam bai yi ba. Ashe busasshen yashi ba ya shan gam sai an jiƙa shi.

Na tankaɗe yashin gulbin Rima, na bi shi da maganaɗisu, don injin jirgi na zuƙar garin ƙarfe. Na sa ɗigo 3 na sabulun wanke-wanke a rabin litar ruwa, na fesa daga nesa har ya jiƙe sharkaf. Sannan farin gam na kafintoci kashi 1, ruwa kashi 3, na ɗiga da sirinji, ban da mahaɗar sauya layi.

Na kifa kwali saboda ƙurar hunturu. Bayan awa 24 na goge saman ƙarfen. Ya kama ƙam, alhamdulillahi.