Mai Tuta: Kurakuran da Na Gaji da Gyarawa

Duk sanda aka kawo mini rubutun tarihi ko fassarar labari in duba, da na ci karo da "mai tuta" sai in dakata, don da wuya a wuce wurin lafiya. Mutum biyu kalmar take nufi, su kuwa masu koyon rubutu sun nace sai sun haɗe su wuri guda.

Akwai wanda ke riƙe da sandar tuta da hannunsa a fagen fama. Akwai kuma wanda aka ba tuta alamar izini da shugabanci. Masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo irin na biyun ne. Bayan hijirar Gudu a 1804, malamai da shugabannin jama'a suka riƙa karɓar tuta, kowa ya koma ƙasarsa ya ja ragamar jihadi: Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina, Buba Yero a Gombe, Yakubu a Bauchi, Malam Zaki a Katagum, Modibbo Adama a Fombina, wato ƙasar Adamawa. Tutar ita ce shaidar naɗi. Wanda ya karɓo ta shi ne amirin runduna, kuma daga irinsu da yawa daga cikin gidajen sarautar waɗannan ƙasashe suka samo asali.

Wannan kuskure ya taɓa jawo mini asara. Mun shirya wani ɗan littafi saboda taron tarihi, yaron da aka ba shafi guda ya rubuta cewa kakan wani gidan sarauta "soja ne da ke ɗaukar wa Shehu tuta in an fita yaƙi". Haka aka buga. Ranar taro wani dattijo na gidan ya ja ni gefe, ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malam, mutumin da ya kafa ƙasa kuka mayar ɗan rakiya?" Dole aka tattara kwafin duka, kuɗin sake bugu kuwa daga aljihuna ya fito. Har yau in na ga ɗalibi ya yi wannan ganganci raina ɓaci yake yi. Haba jama'a! Ka zauna ka rubuta asalin mutane, amma ba za ka tambayi kanka mene ne aikin mutumin ba?

Abin da nake yi, kuma nake tilasta wa duk wanda ke aiki a ƙarƙashina, shi ne a bar aikatau ya raba gardama. In shugaba ne, a rubuta "ya karɓo tuta" ko "an ba shi tuta". In na fagen daga ne, a rubuta "shi ke riƙe da tuta". Ba na yarda a sa "mai tuta" tsura a karon farko da aka ambaci mutum. Wasu abokan aikina na ganin tsanani ya yi yawa, ni dai a haka na samu sauƙi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, wato ɗaukar mai riƙe da tuta kamar ɗan dako. Wanda ya rubuta haka bai san yadda ake yaƙi a da ba. In ƙura ta tashi, dawakai suka cakuɗe, murya ba ta kai ko'ina, tuta kaɗai mayaƙi ke hangowa ya san inda mutanensa suke. Tana tsaye, runduna na nan. Ta faɗi, sai a watse. Shi ya sa abokan gaba kanta suke fara nufa, kuma ba a damƙa ta sai ga wanda aka tabbatar ba ya ja da baya. Mus'abu ɗan Umair ne ya riƙe ta a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, har ya yi shahada. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe aka kashe shi, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya ɗauka har aka sare hannuwansa, Abdullahi ɗan Rawaha ya biyo baya, Allah Ya yarda da su, kafin ta kai hannun Khalidu ɗan Walidu. A Mu'uta ma'anonin biyu sun haɗu, don kowannensu shi ne kwamanda, shi ne kuma mai riƙon. To don Allah a daina rubuta "wani yaro mai ɗaukar tuta" kamar ana maganar mai ɗaukar buta.

Masu fassara kuma nasu daban ne. Sojan Ingila na da muƙamin ensain, mafi ƙanƙantar hafsa, wanda a da shi ke ɗaukar tutar rundunarsa. An soke shi a 1871, ƙaramin laftanar ya maye gurbinsa. Sojan ruwan Amurka kuwa har yanzu suna amfani da sunan, alhali mai shi ba tuta yake ɗauka ba. In labarin na yau ne, "ƙaramin hafsan sojan ruwa" nake sa wa. In na zamanin da ne, sai in ce "hafsa mai riƙe da tuta".

Sauran ƙanana ne. Jam'in "mai tuta" shi ne "masu tuta", ba sai an ce "masu tutoci" ba. Wanda jam'iyya ta tsayar a zaɓe, ba sai an ce masa "mai tuta" ba, "ɗan takara" ya wadatar. Kada a ce duk masu tutar Shehu Fulani ne, Yakubun Bauchi daga Gerawa ya fito. Kada kuma a rubuta kamar rana ɗaya aka jera su aka raba musu. Abin ya ɗauki shekaru, Modibbo Adama ma sai wajen 1809 ya karɓi tasa, bayan an ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808.