Darasi na Tara: Ta Ina Ake Ɗaukar Abin Gwaji Idan Yaro Yana Tari?

Wanda ya taɓa zuwa gwajin tarin tibi ya san yadda ake yi. Za a miƙo masa 'yar kwalba, a ce ya kako kaki ya tofa a ciki. Babba ke nan. To, jariri ɗan wata shida fa? Ko ɗan shekara uku ma, in kaki ya taso masa haɗiyewa yake yi. Shi ya sa ma'aikatan asibiti suke bi ta wata hanya idan suna neman ƙwayar cutar da ta kama ƙirjin yaro.

Ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu ga yara kashi biyu ne manya: bakteriya da bairos. Maganin antibayotik, irin su amozisilin, bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Wani babban bincike mai suna PERCH, da aka yi a ƙasashe 7, ciki har da Mali da Gambiya, aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya gano cewa bairos ne ya jawo wajen kashi 61 cikin 100 na ciwon huhu mai tsanani a yaran da aka kwantar. Wanda ake kira RSV shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 31. Shi ne mai sa jarirai numfashi da ƙara kamar shewa.

Waɗannan ƙwayoyi suna fara yaɗuwa ne a can ƙuryar hanci, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. Can ake bin su.

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce tsinken gwaji, siriri mai lanƙwasa, da laushi a kansa. Kun gan shi a lokacin korona, a 2020. Ana zura shi a miƙe, ta ƙasan hanci, kamar za a nufi kunne, a juya shi kaɗan, a zaro. Daƙiƙu kaɗan ne. Wani lokaci a ƙara da tsinke na biyu a maƙogwaro, a haɗa su a kwalba ɗaya. Na maƙogwaro shi kaɗai bai kai na ƙuryar hanci kama ƙwayar ba.

Ga jariri mai majina da yawa, akan zuƙo majinar da 'yar siririyar roba. Wannan tana ba da abin gwaji mai kyau, tana kuma buɗe wa jaririn hanci ya samu ya sha nono. Sai dai tana buƙatar na'urar zuƙa da hannun da ya ƙware, kuma yaro yakan fi kuka da ita. Akwai kuma shafa tsinke a bakin hanci, ba tare da an shiga can ciki ba. Ita ce mafi sauƙi ga yaro, amma in ƙwayar ba ta da yawa tana iya kuɓuce mata.

Ɗauko ruwa daga cikin huhu kansa aikin babban asibiti ne, ga yaron da ke kan na'urar numfashi ko wanda ciwonsa ya ƙi ji. Ba a fara da shi.

Ga abin da akan ji a ɗakin yara:

"Sista, ba zai ji masa ciwo ba kuwa? Na ga tsinken dogo."

"Zai yi kuka, Maman yaro, hawaye ma za su zubo, amma ba rauni. Ki ɗora shi a cinyarki, bayansa a ƙirjinki. Hannu ɗaya ki rungume hannayensa, ɗayan ki dafe goshinsa. In kansa bai motsa ba, yanzu za mu gama."

Riƙon nan shi ne aikin uwa ko uba, kuma rabin nasarar gwajin a nan take. Idan yaron yana yawan haɓo, ko an taɓa yi masa aiki a hanci, ku faɗa tun kafin a fara.

Lokaci ma yana da nasa. Ƙwayar bairos ta fi yawa a hanci a kwana 3 zuwa 4 na farkon ciwo. Wanda ya tsaya jiƙe-jiƙe da sayen magani a kemis har mako ya wuce, gwajinsa na iya fitowa babu komai alhali ciwon yana nan. Bayan an ɗauka, ana jefa tsinken cikin wani ruwa na musamman, a ajiye a sanyi, digiri 2 zuwa 8, a kai ɗakin gwaji cikin kwana 3. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa ƙananan asibitoci da yawa ba sa yin gwajin.

Wani abu kuma: samun ƙwaya a hanci ba kullum yake nufin ita ce ta kama huhu ba. Ƙwayar mura ta yau da kullum akan same ta har a hancin yaro mai ƙoshin lafiya. Yaro kuma yana iya ɗauke da bairos da bakteriya lokaci guda. Don haka likita yana haɗa sakamakon da abin da idonsa ya gani, kuma ba ya jiran takarda kafin ya sa wa yaro iskar oksijin.

Ku ma kada ku jira. Ku ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya yi sauri idan ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko ya fara jijjiga, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Aikin gida

Da agogon waya, ƙirga numfashin yaro ɗaya a gidanku yana barci. Rubuta shekarunsa da lambar da ka samu, ka zo da ita aji. Sannan ka rubuta jimla biyu a kan yadda ake riƙe yaro lokacin da za a sa masa tsinken gwaji.