Yadda ake zana alaƙar ma'aunan ƙasa da R, daga fadamar Rima zuwa tudu

Wani ɗalibin ilimin ƙasa ya kawo mini teburi mai ma'aunai goma sha huɗu da ya lissafo daga taswirar kewayen Sakkwato, yana so ya zuba su duka a babi na huɗu na kundin bincikensa. Na ce masa: a cikinsu wanne ne ke faɗin abin da ɗan'uwansa bai faɗa ba? Ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Tun daga FRAGSTATS, manhajar da McGarigal da Marks suka fitar a 1995, ma'aunan shimfiɗar ƙasa, wato lambobin da ke bayyana yadda gona da gini da sauransu suka bazu a taswira, suka yi yawa, kuma da dama daga cikinsu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kafin ka zaɓi waɗanda za ka riƙe, sai ka gan su a zane. Ga yadda nake yi da manhajar lissafi ta R, wadda kyauta ce.

Da farko, taswira

Kana buƙatar taswirar da aka raba ƙasa iri-iri: gona, gini, ruwa, ciyawa. Mafi sauƙin samu ita ce ESA WorldCover ta 2021, wadda kowane ɗigo a cikinta mita 10 ne. Fayil ɗin da ya ƙunshi birnin Sakkwato shi ne mai lamba N12E003. A ciki 10 na nufin bishiyoyi, 30 ciyawa, 40 gona, 50 gini, 80 ruwa mai zama, 90 dausayi.

Taswirar tana zuwa da awon digiri, alhali ma'aunan suna son mita. Saboda haka ka yanko yankin da kake so tukuna, sannan ka juya shi zuwa UTM 31N, tsarin da ke awo da mita:

    library(terra); library(landscapemetrics)
    kasa <- rast("N12E003.tif")
    kasa <- crop(kasa, ext(5.0, 5.6, 12.9, 13.4))
    kasa <- project(kasa, "EPSG:32631", method = "near", res = 10)
    check_landscape(kasa)

Wannan yankan ya haɗa birni da Wamakko da Kware da Wurno. Kada ka manta da "near". Idan kwamfuta ta ɗauki matsakaici tsakanin ciyawa 30 da gini 50, za ta ba ka 40, ta shuka maka gona inda ba ko kara. Wanda aikinsa ke wajen Isa ko Sabon Birni ya wuce digiri 6, sai ya sa 32632 a madadin 32631.

Raba ƙasar gida-gida

Taswira ɗaya lamba ɗaya take bayarwa ga kowane ma'auni, kuma ba a zana alaƙa da lamba ɗaya. Sai ka dasa wurare kamar 150 a jere, kowanne da murabba'insa:

    p <- spatSample(kasa, 150, "regular", xy = TRUE)
    awo <- sample_lsm(kasa, as.matrix(p[, 1:2]),
      shape = "square", size = 1000, all_classes = TRUE,
      what = c("lsm_c_pland", "lsm_c_np", "lsm_c_ed",
               "lsm_c_lpi", "lsm_c_area_mn", "lsm_c_ai"))

Lambar 1000 rabin gefe ce, wato murabba'in kilomita 2 ne kowane ɓangare, hekta 400. Pland shi ne kason gona cikin ɗari, np yawan facin gona (faci shi ne yankin gona da ke haɗe wuri guda), ed tsawon iyakar gona a kowace hekta, lpi girman babban faci, area_mn matsakaicin girman faci, ai kuma yadda ɗigon gona suka dunƙule wuri guda. Aikin yana ɗaukar lokaci a ƙaramar kwamfuta, don haka ka adana sakamakon da saveRDS nan take. Na taɓa rasa na yini guda da wuta ta ɗauke batir ya mutu.

Daga nan ka tace aji 40, wato gona, kaɗai, ka watsar da murabba'an bakin taswira da percentage_inside ɗinsu, wato kason da ya faɗa cikin taswira, bai kai 90 ba, ka baje teburin da pivot_wider na tidyr yadda kowane ma'auni zai samu ginshiƙinsa, ka sa masa suna teburi. Inda babu gona ko kaɗan, kamar tsakiyar birni, R zai rubuta NA, wato babu lamba. A pland da np da ed ka mayar da shi 0, domin sifili ne na gaskiya. A area_mn ka bar shi, facin da babu shi ba shi da girma.

Zane na farko: su wa ke tafiya tare

    r <- cor(teburi, method = "spearman", use = "pairwise.complete.obs")
    corrplot::corrplot(r, method = "number", order = "hclust")

Cikin hanyoyin auna alaƙa, Spearman da Pearson, na fi son Spearman a nan saboda area_mn kan yi tsalle: murabba'i ɗaya da gona ta mamaye gaba ɗaya zai ja Pearson duk inda ya ga dama. Umarnin "hclust" yana jera 'yan gida ɗaya kusa da juna. Ka sa ran ganin pland da lpi manne da juna. Duk biyun da alaƙarsu ta haura 0.9, ɗaya ya ishe ka, ka riƙe wanda za ka iya yi wa manomi bayaninsa.

Zane na biyu, wanda ya fi muhimmanci

A zane na farko mutane suke tsayawa, kuma a nan ake tafka kuskure. Wannan teburin lambobi yana gane alaƙar da ke hawa kawai ko sauka kawai. Idan ta hau ta sauko, sai ya ba ka lamba kusa da sifili, kai kuma ka rubuta cewa babu alaƙa.

Ɗauki pland da ed. Murabba'in da ke cikin birni, gonarsa kashi 5 ce, iyakarta kaɗan. Wanda ke kan tudu inda gero ya shimfiɗu ko'ina, gona kashi 95, shi ma iyakar kaɗan ce, domin gona ba ta da abin da za ta yi iyaka da shi. A tsakani ne, bakin gari da gefen fadama, inda gona da gini da ciyawa da ruwa suka cuɗe, iyaka take yawa. Zanen zai fito kamar tozon sa. Alaƙa ce mai ƙarfi, amma lambar ba ta gan ta ba. Don haka:

    GGally::ggpairs(teburi)

Ka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya da ido. Duk wanda ya lanƙwasa, ka fito da shi shi kaɗai da ggplot2, pland a kwance, ɗayan a tsaye, ka ɗora geom_point da geom_smooth mai "loess".

Sai ka ƙara ginshiƙi ɗaya da hannunka: fadama, tudu, ko gari. Ba wuya, ka buɗe wuraren a manhajar taswira ta QGIS bisa hoton tauraron ɗan'adam ka yi musu alama. Ka ba kowanne launinsa. Sau da yawa abin da ka ɗauka layi ɗaya ne sai ya rabu biyu, na bakin Rima daban, na tudu daban. Ɗigon da ya ware shi kaɗai kada ka goge shi. Nemo plot_id ɗinsa ka je ka duba wurin.

Abu biyu da zane ba zai gaya maka ba. Murabba'an da ke maƙwabtaka suna kama da juna, saboda haka taurarin da ggpairs ke liƙawa jikin lambobi don nuna alaƙa ta tabbata sun fi ƙarfin hujjarsu. Ni ba na kawo su a rubutu. Na biyu kuma taswirar ce kanta. Gawo da ke warwatse cikin gonar gero yakan ɓace a cikin aji 40, kuma kadadar albasa da ruwa ke rufewa da damina tana iya faɗawa wani aji. Wanda ya san hanyar Wurno zai gane wannan da kallo ɗaya.

Kafin ka adana da ggsave a dpi 300, ka sake gudanar da komai da size = 500, sannan 2000. Alaƙar da ta tsaya a girma ukun ita ce za ka kai wa malaminka. Ɗalibin nan da ya zo da goma sha huɗu, da huɗu ya koma.