Yadda za ka gwada wayar oftikal da ta kowaksiyal da kunnenka kafin ka kashe kuɗi

Sau da yawa mutum zai sayo hom tiyata ya jona da wayar oftikal, bayan kwana biyu wani ya ce masa ai kowaksiyal ta fi fitar da bas, ya koma kasuwa ya sayo, ya jona ya ce wallahi sauti ya buɗe. Kusan duk wanda na duba wa kayansa ba wayar ce ta canja sautin ba, saiti ne ya bambanta bai lura ba.

Wayoyin nan biyu saƙo ɗaya suke ɗauka, tsarin S/PDIF ne na kamfanonin Sony da Philips. Kowaksiyal da lantarki take tura shi ta cikin tagulla, ita kuma oftikal da jan haske, Toshiba ce ta fito da ita a 1983 shi ya sa ake ce mata TOSLINK. Lambobi ne ke tafiya a ciki, in sun isa lafiya sauti ɗaya za ka ji, in ba su isa ba sai ka ji yana yankewa ko ya ɗauke gaba ɗaya. Waya ba ta ƙara bas.

Da farko ka nemi na'ura mai kafofin biyu a bayanta, kamar DVD ko wasu dikodoji, don yawancin talabijin oftikal kawai gare su. Jona wayoyin biyu lokaci guda zuwa amfilifaya. Ita oftikal akwai 'yar hular roba a bakinta, cire ta, mutane da yawa da ita suke dannawa har su karya murfin kafar. Ka duba ɗaya bakin ka ga jan haske, sannan ka tura har ka ji ƙas. Kar ka lanƙwasa ta da ƙarfi a bayan kabad. Kowaksiyal kuwa mai om 75 ake so (om ma'aunin lantarki ne na wayar), kafarta galibi ruwan lemo ce. In kana da tsohuwar wayar bidiyo mai ruwan ɗorawa a durowa ɗauko ta, ita ma 75 ce, ba sai ka sayi sabuwa ba. Kuma don Allah kar ka ƙara ko sisi saboda an ce maka bakin oftikal ɗin na zinare ne, haske ba ruwansa da zinare.

To nan ne wurin da kowa ke faɗuwa, saiti. Shiga menu na na'urar da ke turo sautin, wajen da aka rubuta Digital Audio Out, ka sa shi a PCM, wato sautin sitiriyo zalla da ba a matse shi ba. In ka bar shi a Auto ko Bitstream, ko kuma ka ɗauko oftikal daga talabijin kowaksiyal daga dikoda, zai iya zama ɗaya na kawo Dolby Digital mai sifika shida ɗaya na kawo sitiriyo mai biyu, dole ka ji bambanci amma ai ba waya ka gwada ba. Masu ƙaramin akwatin nan mai juya oftikal zuwa wayar sauti mai baki ja da fari su ma su kula, yawancinsu PCM kaɗai suke ganewa, ka ba su Dolby sai ka ji shiru ko wata ƙara shuuu mai ban tsoro.

Bayan haka koma kan amfilifaya. Da yawansu kowace kafa tana riƙe saitinta daban, wannan tana kan Movie waccan tana kan Music, wata an ƙara mata bas tun ranar da aka sayo an manta. Kashe duk waɗannan a kafofin biyu. Sai ƙarfin sauti, wanda shi ne babban mayaudari, domin kunnen ɗan Adam in aka ƙara masa ko da desibel ɗaya ne sai ya ce wannan ya fi daɗi, ba zai ce ya fi ƙara ba. Sauke manhajar auna ƙara a wayarka ta hannu, ajiye ta a kan kujerar da kake zama kar ka motsa ta, kunna sauti mai tsayuwa na 1 kHz, ka tabbatar lamba ɗaya take nunawa a duka biyun. In ba ka yi wannan ba ni a wurina ba ka yi gwaji ba.

Yanzu sai ka kira ƙaninka ko abokinka ka ba shi rimot. Kashe fanka, in janareto na ruri a bakin taga bari sai an kawo wuta. Sa waƙar da ka haddace, mai murya da kalangu ta fi, ka juya baya, shi ya riƙa canjawa yadda ya ga dama har sau goma yana rubutawa, kai kana faɗin wacce ce. Ka ci biyar ko shida, canki-canka ne kawai. Sai ka ci tara ko goma za a ce akwai magana, kuma ko a nan fara komawa kan saitin ka sake dubawa.

Akwai inda bambancin yake na gaske. In kana jin gurnani huuu a sifika da zarar ka jona kowaksiyal, musamman gidan da wayarin ɗinsa ba shi da at (earth) mai kyau ko ga wayar dish a jikin dikoda, sa oftikal, tunda ba ƙarfe a cikinta lantarki ba zai bi ta ba. In nisan ya wuce mita biyar zuwa goma kowaksiyal ta fi aminci, haka in kana da fayil ɗin sauti na 192 kHz, don oftikal da yawa a 96 suke tsayawa. Ita kuwa maganar jita, wato 'yar tangarɗar lokaci wajen isowar lambobin, tsofaffin na'urori abin ya fi shafa. Mai neman manyan tsarin sauti irin Dolby Atmos ko TrueHD kuwa duk biyun ba za su kai shi ba, HDMI mai eARC zai nema.