Yadda za ka hana a kashe manhajar Go a kwantena da GOMEMLIMIT

Kafin Go 1.19, wanda ya fito a watan Agusta 2022, saitin GOGC kaɗai ake juya mai sharar ƙwaƙwalwa da shi, wato garbage collector, ɓangaren Go da ke kwashe bayanan da manhaja ta daina amfani da su daga RAM. A kan 100 yake zuwa. Ma'ana, in aka gama shara aka bar megabait 300 na bayanan da ake amfani da su, ba zai sake tashi ba sai sun kai kusan 600. To in kwantenarka, wato keɓaɓɓen wurin da manhajar ke gudana, megabait 512 aka ware mata, kafin nan Linux ta kashe manhajar, sai dai ka ga OOMKilled (an kashe ta don ƙwaƙwalwa ta ƙare) da lamba 137 a Kubernetes, tsarin da ke kula da kwantenoni.

GOMEMLIMIT, wanda ya zo da Go 1.19, iyakar ƙwaƙwalwa ce: da an kusance ta mai shara zai tashi, ko lissafin GOGC bai cika ba.

Fara da awo tukuna. Tayar da manhajar da GODEBUG=gctrace=1 lokacin da aiki ya yi mata yawa. A cikin kowane layi za ka ga wasu lambobi uku a jere, misali 180->190->95 MB. Ta ukun ce abin dubawa, ita ce abin da ya rage bayan shara.

Sannan ka sa iyakar ƙasa da ta kwantena da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. A kwantenar 512 MiB, sa GOMEMLIMIT=460MiB. MiB ko GiB ake rubutawa, in ka sa MB manhajar ba za ta ma tashi ba. Daga cikin rubutun manhajar (code) kuwa, debug.SetMemoryLimit ake kira.

Ƙwaƙwalwar da C ta ɗiba ta hanyar cgo (hanyar kiran yaren C daga Go), ko wadda ka nema kai tsaye daga Linux da mmap, ba ta cikin lissafin Go. Mai amfani da SQLite ta cgo ya ƙara barin sarari.

Wasu na haɗa GOMEMLIMIT da GOGC=off don rage wahalar CPU. Yana da amfani, amma sai in manhajar ce kaɗai ke cin ƙwaƙwalwar wurin.

Inda ake shiga uku shi ne lambar nan ta uku ta matso kusa da iyaka. Sai mai shara ya yi ta tashi babu hutu, babu kuma abin kwashewa, manhajar ta yi nauyi. Go na taƙaita shi a kusan rabin CPU, daga nan ya bar ƙwaƙwalwa ta haura iyakar, a kuma kashe manhajar kamar da. In ka ga haka, ƙara RAM, ko ka bi sawun abin da ke riƙe bayanan da pprof, kayan aikin Go na gano inda ƙwaƙwalwa ke tafiya.