Yadda zaka ɗauki hoton mace halinta ya fito a ciki

Abin da ke damuna da yawancin hotunan mata da nake gani yanzu shine duk sun koma iri ɗaya. An karkatar da kai gefe, hannu a ƙugu, murmushin dole, sannan an bi fuskar da filta an goge ta tas. Hoton ya yi kyau kam, amma in ka nuna wa ƙanwarta cewa zata yi wannan ai ba yayata bace. Mace mai barkwanci da mai kunya da wadda bata ɗaukar raini bai kamata su fito da fuska ɗaya ba, kuma aikinka ne kai mai kyamara ka fito da wannan bambancin.

Toh farkon abu, ajiye kyamarar tukunna. Ku zauna ku yi hira ko ta minti goma ce. Tambaye ta hoton na menene, na wajen aiki ne ko na ajiyewa ne ko Instagram zata saka, wane ɓangaren fuskarta ta fi so, meye bata son ya fito. Tana magana kai kuma kana lura, ya take zama in ta sake, ina take kai hannunta, in dariya ta zo mata rufe baki take ko sakinta take gaba ɗaya. Abin da ka gani a wannan hirar shi zaka nema in an fara ɗauka.

Dan Allah ka daina cewa "yi murmushi". Murmushin umarni a leɓe yake tsayawa, baya kaiwa ido, kowa ya kalla zai gane. Gara ka jefa mata tambayar da zata sa ta manta da kyamarar, wa ya fi bata dariya a gidansu, wane abu ta yi a bana da take alfahari da shi, sai ka bari ta amsa yatsanka na kan maɓalli. Ni a wurina hoton da ya fi daɗi ba tsakiyar dariyar bane, ɗan lokacin nan ne da dariyar ta fara sauka, fuska ta saki, ido na ƙyalli, shi kuma baya jira, shi yasa zaka saka kyamara a ɗauka a jere kuma saurin shota, wato saurin da kyamara ke buɗe ido ta rufe wajen ɗauka, kar ya yi ƙasa da 1/250 na daƙiƙa don motsi kar ya ɓata hoton. In kuma mace ce mai shiru shiru wadda dariya ba halinta bane, ka ƙyale ta a haka, kallo mai natsuwa ma hali ne, kar ka matsa sai ta zama wata.

Hannu shi ke fara tona asirin wanda ya takura. In bata san inda zata kai shi ba, bata abin riƙewa, amma abin nata, littafin da take karantawa, almakashin ɗinkinta, gilashinta, duk abin da hannun ya saba da shi. Mai ɗaukar hoto Seydou Keïta na Mali, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana ajiye kaya irin su rediyo da agogo da babur mutum ya zaɓi wanda yake so a gan shi da shi, kuma da hasken rana yake aiki, sau tari ɗauka ɗaya tak yake wa mutum. Je ka nemi hotunan matan da ya ɗauka ka kalli yadda kowacce ta zauna da isa da ƙasaita irin tata, har yau ana koyon aiki a kansu.

Sai batun lensi, anan ne masu waya ke cutar mutane basu sani ba. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, kusan 24mm zuwa 26mm take, in ka matso kusa da fuska da ita hanci zai ƙara girma, goshi ya fito, kunnuwa su ja baya. Ja da baya kamar taku uku ka danna 2x ko 3x, nan take fuskar zata dawo yadda mutane suka san ta. Mai kyamara kuma lensin 50mm ko 85mm sun isa, ka buɗe ƙofar lensin sosai, wato zuwa f/2 ko f/2.8, bayanta ya dushe, fokas kuma akan idon da ya fi kusa da kai, in ido bai fito tar ba hoton ya tashi aiki ko da komai ya yi daidai. Tsayin kyamara ma magana yake. Daidai idonta yana nuna ku biyu daidai kuke, daga sama yana maida ta ƙarama, daga ɗan ƙasa kaɗan yana bata kwarjini. Da yawa sun saba ɗaukar mata daga sama kullum wai don fuska ta yi siriri, ni dai bana goyon baya, shugabar ma'aikata ko malamar da ta shekara talatin tana koyarwa bai dace ka ɗauke ta kamar tana roƙonka wani abu ba.

Haske kuwa taga ta ishe ka. Zaunar da ita kusa da taga hasken na zuwa ta gefe, kashe fitilar ɗakin don kala biyu kar su haɗu a fatarta, in ɗaya gefen ya yi duhu da yawa a riƙe maka farin kwali ya maido hasken. A waje ka guji rana tsaka, inuwa take zubawa a ƙarƙashin ido kuma dole mutum ya runtse, ka jira sassafe ko dab da faɗuwar rana, ko ku shiga inuwa. Ka tabbata akwai ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar idonta, shi ke sa hoto ya yi rai. Wani abu kuma, in fatarta mai duhu ce ta saka fararen kaya ko bayanta akwai haske sosai, kyamara zata ruɗe ta rage haske fuskar ta nutse, sai ka taɓa fuskar a sikirin ka ɗan ƙara da hannunka.

Kar ka taɓa ta don gyara tsayuwa. Ka yi da jikinka ta gani ta kwaikwaya, in wani abu ya karkace a kayanta faɗa mata ta gyara da kanta, in tana son zuwa da ƙawa ko 'yar uwa ka yarda da sauri don zata fi sakewa. Kana yi kana nuna mata masu kyau a bayan kyamara.

Wajen editin ga ma'aunin da nake bi, abin da zai tafi da kansa nan da sati biyu kamar ƙurji ka cire, abin da yake nata na dindindin kamar wushirya, tawadar Allah, layukan gefen ido, ka bar mata sai in ita ta ce a cire. Kuma kar ka haska mata fata, kalar da ta zo da ita ka mayar mata.

Izini kuma ba abin wasa bane. A 1936 mai ɗaukar hoto Dorothea Lange ta ɗauki hoton wata uwa da 'ya'yanta a Nipomo ta jihar Kalifoniya a Amurka, hoton ya zaga duniya, amma ko sunanta bata tambaya ba, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka san Florence Owens Thompson ce, ita kuma ta nuna bata ji daɗin yadda aka yi ta yawo da fuskarta ba. Don haka kafin ka ɗora ko ɗaya a shafinka ka tura mata ta gani, ta zaɓi wanda ta yarda a saka, wanda ta ce a goge ka goge shi har a kwamfutarka.